Shekarar Jira: Wane Aiki Ya Kamaci Mai Neman Ilmin Likita?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda cuta da waraka duka suke hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, kowace shekara idan jami'o'i suka gama ɗaukar ɗalibai, akan bar samari da 'yan mata da yawa a gida, waɗanda suka ƙare sakandare da kyakkyawan sakamako, suka nemi karatun likita, amma ba su samu ba. Sau da yawa laifin ba nasu ba ne. Majalisar Likitoci ta Nijeriya ta ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, saboda haka Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda 'ya'yan Jihar Kebbi suka daɗe suna nufa, ba ta da ikon karɓar duk mai so. Sakamakon jarrabawar JAMB kuwa ba ya ƙetare shekararsa, sai an sake zama. Sai yaro ya wayi gari a Yelwa, ko Wara, ko Shanga, da wata goma sha biyu a hannunsa, iyaye suna cewa ya nemi abin yi, shi kuwa yana tambayar kansa wane aiki zai kama.

Mutane sukan ɗauki wannan tambaya a kan ta kuɗi ce kawai, watau ina ne za a fi samu. Alhali akwai hukuncin addini a cikinta, domin ilmin da yaron nan yake nema ba kamar sauran sana'o'i ba ne. Malamai sun sanya ilmin likita cikin farillan kifaya, watau wajibin da idan wasu suka ɗauke shi ya faɗi daga kan sauran jama'a, idan kuwa kowa ya bar shi, gari duka ya yi laifi. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi kuka a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan yadda mutanen zamaninsa suke tururuwa zuwa ga gardamar fiƙihu, su bar garuruwansu ba likita Musulmi. A ƙasar nan ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan magani duk da nauyin sarautar da ke kansa. To, wanda ya ɗaura niyyar ɗauke wa garinsu wannan farali, shekararsa ta jira ta riga ta shiga cikin niyyar, kuma za a tambaye shi yadda ya yi da ita.

Yin aiki kafin a kai ga babban al'amari sunnar annabawa ce. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda ya yi wa dattijon Madyana aikin ƙodago na shekara takwas ko goma kafin a aiko shi, kuma abin da ya sa aka ɗauke shi aikin halaye biyu ne, ƙarfi da riƙon amana. Ya tabbata a cikin Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan ɗan lada kaɗan. Malamai suka ce hikimar wannan ita ce, mai kiwo yana koyon haƙuri da tausayin mai rauni tun kafin a danƙa masa mutane. Saboda haka abin dubawa ga aikin shekarar jira shi ne irin halin da zai bar wa mai shi ranar da ya ajiye shi.

A ƙasar Yawuri hanyoyi uku ne suka fi buɗewa ga irin wannan yaro. Ta farko, wadda ta fi jan hankali, ita ce shagon kemis. Kawunsa ko wani abokin mahaifinsa yana da shago a bakin kasuwa, sai ya ce masa, “Ɗana, tun da likita kake so ka zama, zo ka zauna nan ka fara koyo, ga ɗan abin sabulu kowane wata.” Magana ce mai daɗin ji, kuma mai faɗinta alheri yake nufi. Amma kafin a yi wata biyu, mai shago ya fara barin yaron shi kaɗai. Wata tsohuwa ta zo daga wani ƙauyen bakin ruwa da jikanta, jikinsa zafi rau, ta durƙusa ta ce, “Likita, taimake ni, a yi masa allura.” Yaro ɗan shekara goma sha takwas, wanda bai taɓa shiga ajin likita ba, ya ji an kira shi da sunan da ya daɗe yana mafarki. A nan ne jarrabawar gaskiya take, ta fi ta JAMB wuya.

Shari'a ta riga ta yi magana a kan wannan wuri. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Maja sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin magani ba, to, shi ke da alhakin duk ɓarnar da ta auku. Malaman fiƙihu suka gina a kansa cewa gwanin likita idan ya yi aiki bisa ƙa'ida aka sami akasi, ba a kama shi, amma jahilin da ya yi karambani sai ya biya. Dokar ƙasa ma haka ta ce, domin lasisin da ake ba masu ƙananan shagunan magani bai halatta musu yin allura ko ƙarin ruwa ba. Dalilin kuwa a fili yake. Allurar da aka soka a ɗuwawun yaro ba inda ya kamata ba tana iya taɓa babbar jijiya, ƙafa ta shanye har abada. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka sayar rabi-rabi saboda kuɗin mai saye bai kai ba, yana koya wa cutar taurin kai, gobe a ba da cikakken maganin ya ƙi aiki. Zafin jiki kuma ba kowanne ne zazzaɓin cizon sauro ba. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ko da Allah ya kiyaye ba wanda ya cutu, akwai wata ɓarna da ke faruwa a zuciyar yaron. Ya saba da karɓar girman da bai biya kuɗinsa ba, harshensa kuma ya yi nauyi ga faɗin “ban sani ba”. An ruwaito cewa Imam Malik, duk da matsayinsa a Madina, an sha yi masa tambayoyi ya amsa mafi yawansu da cewa bai sani ba. Likitan da bai iya wannan kalma ba abin tsoro ne, ko da ya tara takardun shaida, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mai gardama zai ce, ƙauyukan bakin tafkin Kainji suna da nisa da asibiti, wasu sai an shiga jirgin ruwa, idan yaron ya ƙi yin allurar, ina tsohuwar nan za ta? Wannan magana tana da nauyi, kuma laifin rashin asibiti a kusa yana wuyan hukuma da mawadata. Amma larurar da ke halatta abin da aka hana ita ce wadda yin abin zai kawar da ita, allurar jahili kuwa tana iya ƙara wa cutar wata cutar. Taimakon da yaron yake da iko a kansa shi ne ya gaya wa tsohuwar gaskiya, ya ce, “Iya, ni ba likita ba ne,” sa'an nan ya nemo mata abin hawa, ya raka ta wurin ma'aikacin lafiya, ya bi mata layi. Zama a kemis kansa ba haramun ba ne, in dai ya tsaya ga sayar da abin da doka ta yarda, ya kuma yi sharaɗi da mai shago tun farko. Idan ya san ba zai iya tsayawa nan ba, barin shagon ya fi masa.

Hanya ta biyu ita ce sana'ar gida, watau su, ko noman albasa da shinkafa, ko cinikin kifi a kasuwar Yawuri. Yara da yawa suna jin kunyar wannan, suna ganin wanda ya ci kimiyya ya wuce jan koma. Wannan girman kai ne, addini bai san shi ba. Karatun likita shekara shida ne, sa'an nan shekara guda ta aikin gwaji a asibiti, kuma duk tsawon shekarun karatun aljihun uba ne zai ɗauka. Ɗan da ya tara kuɗin rajista da guminsa ya sauƙaƙe wa mahaifinsa, ya sami ladan biyayya. Ban da wannan, akwai ilmi a bakin ruwa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa, aka tayar da dubban mutane aka sake musu matsuguni, rayuwar Gungawa da Sarkawa da maƙwabtansu ta ɗauru da tafkin. Cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini, tana samuwa ne daga wata tsutsa da ke girma cikin ƙananan katantanwa na ruwa, ta ratsa fatar mai wanka ko mai su. Ɗalibin da ya yi shekara cikin kwalekwale ya san dalilin da ya sa ba a ce wa masunci ya daina shiga ruwa, kuma ranar da ya zama likita ba zai yi wa talaka faɗa a kan abin da ba shi da mafita ba.

Hanya ta uku ita ce hidima a asibiti ko ɗakin shan magani, ƙarƙashin waɗanda suka sani, da izinin hukumar wurin. Aikin ƙanƙane ne a ido: rubuta kati, tura keken mara lafiya, ɗebo ruwa, yin tafinta tsakanin ma'aikaci da Bakambare ko Bagunge wanda Hausarsa ba ta isa ya bayyana ciwonsa ba. Wannan aiki yana da asali, domin Rufaida Al'aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan an harbe shi a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira. Amfaninsa ga ɗalibi shi ne zai gwada niyyarsa da idonsa. Zai ga jini, ya ji wari, ya kwana bai runtsa ba, ya ga an rufe fuskar wanda suka gaisa jiya. Zai koyi rufe bakinsa a kan asirin mutane, domin abin da ya gani a ɗakin jinya amana ne, ba a kai shi majalisa. Wani zai fito ya ƙara son aikin. Wani kuma zai gane cewa sunan yake so, aikin kuwa ba zai iya ba, kuma gane wannan a shekara guda ya fi gane shi bayan shekara shida. Sai dai galibi wannan hidima ba ta da albashi, saboda haka ba a tilasta ta a kan ɗan da gidansu ke jiran abin da zai kawo. Irin wannan yana iya haɗa biyu, ya yi sana'arsa, ya ware yini ɗaya ko biyu a mako don marasa lafiya.

Kowace hanya ya bi, ya auna ta da abubuwa huɗu: abin da zai samu halal ne, ba za ta sa shi taɓa jikin mutum da abin da bai sani ba, za ta bar masa lokacin salla da na bitar littattafansa, kuma iyayensa sun yarda. Ya yi istihara, ya shawarci likita ko ma'aikacin jinya na gari. Hukuncin ɗiya mace a nan daidai yake da na ɗa namiji, buƙatar mata likitoci ma ta fi tsanani, domin mata da yawa sukan ɓoye ciwonsu saboda kunya.

Iyaye kuma akwai nasu nauyi. Kada su fara kiran ɗansu “likita” don alfahari tun bai shiga aji ba, kada kuma su mai da shekarar jira abin gori. Idan ya sake zama bai samu ba, aikin jinya da unguwarzoma da haɗa magunguna da binciken jini duka suna cikin faralin nan guda. A watan Mayu na 2021, lokacin da jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara a ƙasar Ngaski, rayuka masu yawan gaske suka salwanta, kowa ya ga yadda ƙasar bakin ruwa take buƙatar 'ya'yanta masu sani a kusa da ita. Waɗanda za su biya wannan buƙata su ne waɗanda suka yi haƙuri suka bi ƙofa, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba ɗaliban ilmi haƙuri da tsarkin niyya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.