Baƙar Karya Ta Haifi Ja: Shin Launi Yana Zama Shaida?



Duk wanda ya zauna kusa da mafarauta ko makiyaya ya san wannan. Karya baƙa ƙirin za ta haihu, a leƙa a tarar da 'yan kwikwiyo shida: biyu baƙaƙe, ɗaya ja, ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya fari mai dabbare-dabbare, ɗan autan kuma baƙi ne amma ƙirjinsa da ƙafafunsa farare kamar ya taka gari. Karnukan unguwanninmu galibi ruwa biyu ne, jini ya cakuɗu tun kaka da kakanni, don haka ba mai mamaki. Amma bari matar mutum ta haifi jaririn da ya fi uban haske, ko ya fi uwar duhu. Tun kafin a yi suna za ka ji an fara ƙus-ƙus a tsakar gida, 'yan barka suna haɗa ido, wata ta ce "ikon Allah, wa ya biyo?" da muryar da kowa ya gane inda ta dosa.

Na san wani zai ce, haba Malam, yau kuma kare? To, a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma Shari'a ta yarda a riƙe shi don farauta da kiwo da gadin gona. Duba halittarsa don a ɗauki darasi ba laifi ba ne.

Masana sun gano cewa duk launukan da ke jikin kare daga sinadari biyu kacal suke fitowa, ɗaya mai ba da baƙi, ɗaya mai ba da ja ko rawaya. Ƙwayoyin gado ne ke juya su: wata ta sassauta baƙin ya koma ruwan toka ko ruwan ƙasa, wata ta hana shi fitowa sai jan ya bayyana. Fari kuwa wurin da launi bai kai ba ne. Tun ɗan tayi yana ciki, ƙwayoyin da ke yin launi daga gadon baya suke tashi su bazu, shi ya sa farin ya fi zama a ƙirji da yatsu da bakin wutsiya, wuraren da suka fi nisa da mafari. Kowane kwikwiyo kuma yana karɓar ƙwaya biyu a kan kowace siffa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, guda ɗaya ta isa a gan ta. Wata mai laɓewa ce, ba ta fitowa sai ta haɗu da irinta daga ɗaya ɓangaren. Tana iya yin zuriya biyar a ɓoye. Turawa masu kiwon karen Labrador sukan haɗa baƙi da baƙi, su kulle su ba wani kare da ya kusance su, kuma a samu rawaya ko ruwan ƙasa a cikin 'ya'yan. Gregor Mendel ya wallafa asalin wannan ƙa'ida a 1866 bayan gwaje-gwajensa a kan wake, inda siffar da ta ɓace a zuriya ta farko ta dawo a ta biyu, kusan ɗaya cikin huɗu.

Mu ma mun san wannan lissafi, a wurin gwajin aure. AS da AS, dukansu lafiya lau suke yawo, amma kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zama sikila. Haka zabiya yake: iyaye biyu baƙaƙe, kowanne yana ɗauke da ƙwayar bai sani ba. Launin fatar mutum ma ya fi na kare sarƙaƙiya, domin ƙwayoyi masu yawa ne ke haɗuwa su yi shi. Ka dubi zuriyarka kai kanka, ka ƙirga Fulani da Buzaye da Barebari da Larabawan da aka yi auratayya da su a shekara ɗari biyu da suka wuce. Wane ne cikinmu zai iya kiran sunan kakannin kakanninsa duka goma sha shida?

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, Manzon Allah (SAW) da kansa da launin dabba ya warware irin wannan matsala. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum, a wata ruwayar an ce daga ƙabilar Banu Fazara yake, ya zo yana cewa matarsa ta haifi yaro baƙi, yana nuni da cewa ba nasa ba ne. Annabi bai daka masa tsawa ba. Sai ya tambaye shi ko yana da raƙuma, da kuma launinsu. Ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a ciki, ya ce akwai. Da aka nemi ya faɗi daga ina wannan ya zo, mutumin da bakinsa ya ce wataƙila wata jijiya ce ta can baya ta fizgo shi. Annabi ya nuna masa cewa ɗansa ma haka yake iya zama, kuma bai ba shi izinin kore yaron ba. Ka lura da kyau, mutumin nan yana da ilimin tun a garkensa. Abin da ya yarda da shi a kan raƙumarsa shi ya kasa yi wa matarsa uzuri da shi, saboda kishi ya rufe masa ido.

Mai gardama yana da abin cewa a nan, kuma ba zan ɓoye ba. Karya takan sadu da karnuka fiye da ɗaya a lokacin barbara, har a samu haihuwa ɗaya da uba biyu ko uku. Wato wani lokacin bambancin launin da gaske daga wani uban yake. Haka ne. Sai dai ga tambaya: in an ajiye maka kwando biyu na 'yan kwikwiyo, ɗaya uba guda, ɗaya uba uku, duka launi barkatai, da ido za ka iya rabewa? Ba za ka iya ba. Alamar da take fitowa ko an yi laifi ko ba a yi ba, ba ta isa ta zama shaida a kan kowa ba.

Kuma Musulunci bai ce kama ba ta da wani amfani ba. Zaidu bin Harisa fari ne, ɗansa Usama baƙi, mutane suna ta surutu. Da Mujazziz al-Mudliji, gwanin sanin kama, ya ga ƙafafunsu kawai sun rufe kawunansu, ya tabbatar da cewa jini ɗaya ne, Annabi ya shiga wurin Nana A'isha fuskarsa tana annuri. A li'anin Hilalu bin Umayya kuwa, yaron ya fito da kamar mutumin da aka zarga, duk da haka ba a tsayar wa matar haddi ba, domin rantsuwa ta riga ta gabata. Kama tana taimakawa wurin tabbatar da nasaba. Wurin rushe ta ko hukunta mace, Shari'a ta ƙi karɓarta ita kaɗai. Ko gwajin DNA na yau, wanda ya fi ido nesa ba kusa ba, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 2002 ta yarda da shi a wurin jariran da suka cakuɗe a asibiti da waɗanda ba a san nasabarsu ba, amma ta hana a yi amfani da shi don kore nasabar da ta tabbata, ko a gabatar da shi a kan li'ani.

Me ya sa aka tsananta haka? Saboda kuskuren biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Idan ka riƙi yaro bisa kyakkyawan zato, ka ciyar da shi, ladanka yana nan ko ma mene ne gaskiyar da ke ɓoye. Idan kuwa ka zargi mai tsarki, ka kashe aure, ka ɓata sunan gidansu, ka bar yaro da tabon da zai bi shi har ranar da za a je nema masa aure. Wallahi akwai matan da ba a taɓa furta musu kalmar a fili ba, amma shekara goma suna zaune cikinta, miji ya daina ɗaukar yaron, uwar miji tana ware shi a rabon kayan Sallah. Hukuncin ƙazafi a Suratun Nur bulala 80 ne, kuma Imam Malik yana ganin habaicin da aka fahimci manufarsa ma ƙazafi ne. Masu "wa ya biyo?" su ji da kyau.

Ga kuma wani abu da tsofaffin mata suka sani: jariri yakan zo da haske, launinsa na gaskiya sai bayan makonni ko watanni yake zama, shi ya sa ungozoma ke duba kunnensa. Wasu mazan tun ranar haihuwa suke yanke hukunci, fatar ma ba ta gama nuna ba.

Wanda yake da abin da ya wuce launi, ya gani da idonsa ko ya tabbata bai kusance ta ba a lokacin da cikin ya shiga, ƙofar alƙali a buɗe take. Zai rantse sau huɗu, a ta biyar ya kira wa kansa la'anar Allah in ƙarya yake yi. Ita ma ta rantse huɗu, a ta biyar ta kira fushin Allah a kanta in shi ne mai gaskiya. Daga nan sun rabu har abada a wurin mafi yawan malamai, yaron kuma a jingina shi ga uwarsa.

Wallahu a'alam.