Shin Fargaba Zunubi Ce?

Ɗan'uwana cikin Almasihu, akwai wata tambaya da masu bi da yawa suke ɗauke da ita a ɓoye, suna jin nauyin kai ta gaban fasto. Ga ta: idan gabana yana faɗuwa, barci kuma ya ƙaurace mini, ashe bangaskiyata ba ta raunana ba ke nan? Wataƙila kai ma ka taɓa yi wa kanka ita, a daren da ɗanka ya kama hanyar Abuja zuwa Kaduna wayarsa ta ƙi shiga, ko a ranar da kake jiran sakamakon gwajin asibiti. Sai kayan ya zama biyu: ga tsoro, ga kuma zargin kai saboda tsoron.

Bari mu fara da jikin da Allah ya halitta. Sa'ad da mutum ya hangi haɗari, waɗansu ƙananan gaɓoɓi biyu da suke bisa ƙoda sukan saki wani sinadari da likitoci suke kira adiranalin. Nan take zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe. Irin wannan shiri na jiki ne yake sa manomi ya yi tsalle baya tun bai gama gane cewa kububuwa ce a cikin ciyawa ba. Ba ya neman izininka, ba ya kuma tambaya ko ka yi addu'ar safe. Abin da ba kai ka zaɓa ba, wanda Mahalicci ya dasa domin kiyaye ranka, ba daidai ba ne a kira shi zunubi.

Dubi filin ƙwallo. A gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta, Brazil tana gaban Nijeriya da ci 3 da 1, aka rama ɗaya, sa'an nan Nwankwo Kanu ya farke a mintin ƙarshe, ya ƙara ta huɗu a ƙarin lokaci. A shekarar 2000 kuwa, a wasan ƙarshe na Kofin Afirka da Kamaru a Legas, aka kai ga bugun fenareti, shi wannan Kanu ya buga bai ci ba. Ƙafar ɗaya ce, gwanintar ma ɗaya ce, amma sakamako bai taɓa zama a hannun ɗan Adam ba. Abin da yake hannun ɗan wasa shi ne ya taka daga tsakiyar fili zuwa gaban raga, zuciyarsa tana dukan uku-uku, ya yi abin da aka sa shi. Haka manzo Bulus ya yi. Ya shaida wa Korantiyawa a wasiƙarsa ta fari cewa ya iso wurinsu ba shi da ƙarfi, yana jin tsoro har jikinsa yana rawa. Duk da haka ya zauna shekara ɗaya da rabi yana koyar da maganar Allah a birninsu.

To, ina zunubi yake farawa? Labarin Sarki Saul a 1 Sama'ila 13 ya nuna mana wurin. Filistiyawa sun kafa sansani a Mikmash da rundunar da ba ta ƙirguwa. Isra'ilawa suna ɓuya a kogwanni da ramummuka, waɗansu har sun haye Urdun. Saul yana Gilgal yana jiran Sama'ila, kwana bakwai, sojojinsa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Tsoronsa yana da dalili, kowa a matsayinsa zai ji shi. Amma da tsoron ya ce masa ya yi wani abu ko mene ne, sai ya miƙa hadayar da ba hurumin sarki ba ce. Yana gamawa, sai ga Sama'ila. Sauri ya haifi nawa: gudun kada ya rasa runduna ya sa gidansa ya rasa sarauta. Da aka tambaye shi, sai ya jero hujjoji, kowacce kuwa gaskiya ce, amma babu wadda ta wanke shi. An hukunta shi ne domin ya miƙa wa tsoro linzami.

Ka duba ko'ina, za ka ga Gilgal. Ɗan takara a jajibirin zaɓe, ya ga jama'a suna komawa wancan ɓangare, sai ya raba kuɗi a layin zaɓe, ko ya ɗauki matasa ya ba su ƙwaya da gora, ko ya bi dare zuwa wurin boka, ran Lahadi kuwa yana kujerar gaba a majami'a. Bilatus ya san Yesu ba shi da laifi, ya faɗa da bakinsa, amma da aka ambaci sunan Kaisar sai ya tuna da kujerarsa. Haka yake a kasuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ɗan kasuwa yakan sayar da kaya yau, gobe kuɗin ya kasa sayo irinsu. Wannan damuwa ba ƙarya ba ce. Sai dai ita ce take raɗa masa ya bubbuga gindin mudu, ya yi algus a manja, ya riƙe albashin yaron shagonsa. Mugunta da yawa a ƙasarmu ba daga ƙiyayya ta fito ba, daga mutanen da suka tsorata ne suka kāsa jira.

Za ka ce, ai Ubangiji da kansa ya hana mu damuwa a Matiyu 6. Gaskiya ne. Amma ka lura da abin da ya faɗa dab da wannan: ya yi magana ne a kan bawan da ba shi da ikon bauta wa iyayengiji biyu, Allah da dukiya. Ashe batun na sarauta ne. Damuwar da ya hana ita ce wadda aka shimfiɗa wa tabarma a zuciya, ake ciyar da ita dare da rana, har ta zama ita take yanke shawara a gidan. Fargaba ɗan aike ce, takan zo ta ce akwai haɗari. Ka saurari saƙonta, amma kada ka naɗa mata rawani.

Idan kana son ka ga yadda ake yin haka, je ka Getsamani. Wanda bai taɓa yin zunubi ba ya shiga baƙin ciki mai tsanani, har Luka ya kwatanta guminsa da ɗigon jini. Bai ɓoye ba: ya faɗa wa Bitrus da Yakubu da Yahaya halin da yake ciki, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Bai yi wa Uba kwana-kwana ba: sau uku ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, yana kuwa miƙa kansa ga nufin Uban. Sa'an nan ya tashi ya tari masu zuwa kama shi. A daren nan Bitrus, wanda ya yi barci a lokacin addu'a, ya zare takobi, daga baya ya yi musun Ubangijinsa sau uku. Tsoron da ba a kai gaban Allah ba, sai ya nemi wata ƙofa ya fita.

Saboda haka, ranar da gabanka ya faɗi, kada ka ɓata ƙarfinka wajen zargin kanka. Ka tambayi zuciyarka: me wannan tsoro yake so in yi? Idan yana cewa ka kulle ƙofa, ka bar tafiyar dare, ka yi tanadi, ka ji shi. Idan kuwa yana cewa ka yi ƙarya, ka tauye hakkin wani, ka nemi taimako inda Allah ya hana, to, kana Gilgal, sai ka jira. Ka faɗa wa Allah abin da sunansa, ka kuma faɗa wa wani amintacce cikin ikkilisiya.

In fargabar ta daɗe makonni, ta hana ka ci da barci da aiki, ka ga likita, babu abin kunya a ciki. Sa'ad da annabi Iliya ya gudu daga Yezebel har ya roƙi mutuwa, Allah bai fara da tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi sau biyu, sa'an nan ya yi magana da shi a Horeb, ya mai da shi bakin aikinsa.

Ya Uba, ka san bugun zuciyarmu tun ba mu faɗa ba. Ka hana tsoro ya mulke mu, ka ba mu ƙarfin yin abin da yake daidai ko da hannunmu yana rawa. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.