Izinin Majiyyaci da Harshen da Aka Neme Shi

Malaman fiƙihu sun sanya izinin mara lafiya, ko na waliyyinsa, cikin sharuɗɗan yi masa magani, domin jiki amana ce a hannun mai shi, likita ba shi da iko a kansa sai an ba shi. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947, masu tsara gwajin likitanci a jikin ɗan Adam, su ma a kan yardar mutum suka ginu. Abin tambaya shi ne ko izinin da aka bayar ba tare da fahimta ba ya cika izini.

A asibitocin Najeriya akasari da Turanci ake rubuta takardar amincewa da tiyata, a Nijar kuma da Faransanci. Dattijuwa ta zo daga ƙauye, ta dangwala yatsa, jikanta ɗan sakandare na fassara iya abin da ya kama. In ciwon na al'aura ne, kunya kan sa ta ce "ciki ne kawai", yaron ya sunkuyar da kai ya taƙaita. Takarda ta cika, amma ba a tambayi mai jikin ba. A ciniki ma, jahiltar abin da ake saye na ɓata yarjejeniya, balle a kan rai. Nauyin fahimtarwa kuwa yana wuyan mai ilimi ne: aya ta 4 a Suratu Ibrahim ta nuna kowane manzo da harshen mutanensa aka aiko shi.

Kano ta ɗanɗana ɗacin wannan matsala ta izini. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a shaida musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki. A 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Zargin da ya biyo bayan gwajin na cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003.

Akwai togaciya: wanda aka kawo a sume, ba waliyyi a kusa, larura ta halatta a ceci ransa ba da izini ba. Sai dai fiƙihu na auna larura gwargwadonta. Tiyatar da aka sa wa rana mako biyu gaba ba ta shiga nan, don akwai lokacin nemo tafinta baligi mai riƙe sirri, mace ga mace in an so, a kuma sa majiyyaci ya maimaita bayanin da bakinsa kafin ya sa hannu.