Takardar Ƙauye da Hakkin Ƙauye



Duk shekara, da zarar an buɗe rajistar JAMB ko aka ji ana ɗaukar soja da ɗan sanda, sai ka ga magidanta daga Gangare, Rikkos, Dilimi da Unguwar Rogo sun nufi tasha, kowa da yaronsa. Wani Kano, wani Katsina, wani Bauchi. Ba biki ake yi ba, ba kuma rasuwa ba. Takardar shaidar asali za a karɓo, wadda muke ce wa takardar indijin, a ƙaramar hukumar da kakan yaron ko kakan kakansa ya baro.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kakanninmu sun hawo dutsen nan tun farkon haƙar kuza, kafin garin Jos ya zama gari wajen 1915. Wasu fatauci ya kawo su, wasu ƙodago, wasu kuma tilas aka kwaso su lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, da Turawa suka matsu da kuza. Ga kaburburansu nan. Amma maganar waye ɗan ƙasa waye baƙo, tsakaninmu da maƙwabtanmu Birom da Anaguta da Afizere, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Tun da aka ƙirƙiro Jos ta Arewa a 1991, mun ga Afrilun 1994, mun ga 7 ga Satumba 2001, mun ga Nuwamban 2008 da Janairun 2010. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya hana maimaituwa. Tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda asali a sashe na 42, shi ne kuma ya ce a sashe na 147 kowace jiha a ɗauko minista daga 'yan asalinta. Tsakanin waɗannan biyun yaranmu suka maƙale. Kuma mu faɗi gaskiya, ɗan Birom ko Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano shi ma wannan ƙofar ce a rufe gabansa.

Wannan gwagwarmaya tana da masu yin ta, Allah ya dafa musu. Yaro ɗan shekara 17 ba zai zauna jiran a gyara tsarin mulki ba. Don haka ba mu ga laifin uban da ya tafi neman takarda a inda asalinsa yake da gaske ba. Abin da muke so mu tsaya a kai yau shi ne abin da ke biyo bayan takardar.

Ku tuna yadda ake samun ta. Mai unguwa ba zai sa hannu ba sai ya tambaya: ɗan gidan wa? Kafin a je wurin dagaci, a wuce hakimi, a isa sakatariya, dole wani ya tsaya ya ce na san shi, jininmu ne. Galibi wa ke tsayawa? Wata goggo ce da idonta ya fara dushewa, ko wani baffa mai dogara sanda, wanda ya tuna ranar da ɗan uwansa ya tafi Jos bai dawo ba. Ita za ta yanka kazarta ɗaya, ta shimfiɗa tabarma, ta yi ta sa wa yaron albarka alhali ko sunansa ba ta riƙe ba. Kwana biyu, takarda ta fito, an hau mota. Daga nan shiru, sai ƙanen yaron ya gama sakandare.

To, wannan wace irin mu'amala ce? A gaban hukuma mun ce mu 'yan gidan nan ne. Idan maganar gaskiya ce, ai gida ba suna kaɗai ba ne. Gida yana da katangar da damina ke rushewa, yana da tsohuwa mai hawan jini da ke buƙatar magani kowane wata, yana da wata bazawara ko matar ƙane da ta ajiye sana'arta tana wanke ta tana juya ta da dare. Wannan matar ita ke riƙe mana asalin da muke zuwa ɗauka a takarda, kuma ba a cika tambayar ko ta ci ba. Idan kuwa mun ce babu ruwanmu da nauyin gidan, sai mu tambayi kanmu me muka shaida a gaban mai unguwa.

Akwai kuma wani hakkin da ba a son faɗa. Gurbin makaranta ko na aiki da ake ware wa ƙaramar hukuma a ƙidaye yake. Yaronmu ya yi karatu a Jos, inda makarantu suka daɗe da kafuwa, Turancinsa ya fi na yaron ƙauyen. In ya samu, sau da yawa wani ne can bai samu ba. Ba mu ce haramun ya ci ba, tunda kakansa ɗan can ne. Amma bashi ne, kuma ya kamata yaron ya san da shi tun kafin ya karɓi albashin farko. Shi kuwa wanda ya biya kuɗi aka buga masa takardar garin da ba shi da kowa a ciki, wannan mu bar wa malamai, su suka san sunan da shari'a ta ba shaidar da ba ta da tushe.

Wani zai ce, Malam, mu ma da ƙyar muke. Gaskiya ne. Tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, akwai 'yan kasuwar da har yau ba su koma yadda suke ba. Ga haya, ga kuɗin makaranta, ga namu tsofaffin a ɗaki, waɗanda sanyin Jos ke kwantarwa duk hunturu, matanmu na ɗawainiya da su ba hutu. Babu mai cewa a ɗauke abincin mahaifiya a kai wa goggo. Iyaye su ne gaba, haka aka karantar da mu. Sai dai a lura, ranar da ake buƙatar takarda kuɗin mota ba ya gagara, har da na tsaraba. Ashe ba rashi ne kaɗai ba.

Kuma ba kowane hakki ne kuɗi ba. Zumunci a ƙafa yake, yanzu har a waya yake. Kira ɗaya ranar Juma'a. Kuɗin magani ta POS, ko dubu biyu ne, a tura wa mai jinyar da kanta, a kira ta da sunanta a yi mata sannu. Buhun dankalin Turawa daga Farin Gada idan ana kaka, tunda can abin marmari ne. A kai yara hutu ba don takarda ba, su san ƙofar gidan, su san kabarin da ke bayan gari. Mai hali ya ɗauko yaro ɗaya daga can ya sa shi a makaranta ko a shago, kamar yadda aka ɗauko kakannin da yawa daga cikinmu.

Su tsofaffin nan ba su da yawa yanzu. Ranar da goggo ta koma ga Allah, mai unguwa zai sake tambaya ɗan gidan wa, kuma waɗanda za su amsa su ne 'ya'yan matar da ta yi jinyarta. Sun ga wanda ya zo, sun ga wanda bai zo ba.

Masu shirin tafiya a wannan watan, don Allah a biyo ta ofishin masallaci bayan La'asar. Akwai dattawa a cikinmu da tafiya ta gagare su, suna da saƙon da suke so a kai musu gida.

Wassalamu alaikum.