Littafin Bashi a Kasuwar Kurmi

Wani dattijon Alhaji mai sayar da turare a Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yana da littafin bashi da bangonsa ya sha mai har ya yi baƙi. Tsoron gobara ya sa duk Alhamis yaronsa ke kwafe shi a wani littafin da ake ajiyewa gida.

A nan gizo ke saƙar. Yaro ya wuce shafi na 3, yana na 30, sai mai bashin shafi na 3 ya kawo rabi. Alhaji ya soke a asali, ya rubuta kuɗin a shafin ƙarshe. Kwafi ya zama maƙaryaci ke nan: bashi na nan cif, kuɗi kuma sun shigo. Shi ya sa da yakan ce, "Kai, riƙe littafin nan, kowa ya dakata." Masu biya su yi cirko-cirko a bakin rumfa, wasu su tafi da kuɗinsu, kuma ka san mai bashi in ya juya baya.

Haka masu kula da rumbun bayanai a kwamfuta ke fama. A MySQL, tsohon tsarin MyISAM sai an kulle shi kafin a ɗauki kwafi mai gaskiya: a karanta, amma ba a rubuta. Abin haushi ma, makullin gaba ɗaya yakan tsaya jiran wani dogon aiki da aka riga aka fara, duk masu rubutu su yi layi a bayansa, alhali ko harafi ba a kwafa ba.

Tsarin InnoDB da na PostgreSQL sun bi wata dabarar: ana ɗaukar hoton bayanan yadda suke a daidai lokacin da aka fara, a kwafa daga hoton, ciniki na tafiya. Amma ba kyauta ba ne. Dole injin ya riƙa adana tsofaffin layukan da aka sauya har a gama, in kwafi ya daɗe su taru su yi masa nauyi.

Alhaji ma yanzu haka yake yi. Yakan ja layi da jan biro, ya miƙa wa yaro littafi, sabon ciniki ya rubuta a kwalin sabulu. Ran nan yaro ya tafi La'asar ya tsaya hira, na tarar da kwalaye uku cike a gaban Alhaji, yana neman na huɗu.