Ɗan Katakon da Ke Tsakani

Rauta inji ne na kafintoci mai ɗan bakin ƙarfe da ke iya juyawa fiye da sau 20,000 a minti ɗaya. Da shi ake haƙa kwarmi a jikin katako inda allon kanta zai zauna, da shi ake yi wa gefen tebur ado. Ƙarfi kam akwai shi, amma bai san hanya ba. In aka bar shi da hannu kawai, sai ya karkace. Shi ya sa ake haɗa shi da layin jagora, wato dogon fallen alminiyom miƙaƙƙe sambal, mai roba a ƙasa don kada ya zame, da ɗan tudu a bayansa daga wannan kai zuwa wancan. Wannan tudun ake kamawa a bi.

To, kowane kamfani da nasa awo. Layin Festool na Jamus da na Makita na Japan sun yi kusa da juna, amma na DeWalt da na Bosch kowanne da irin ƙirarsa. Haka ma ramuka biyun da ke gindin rauta, inda ake zura sandunan ƙarfe: kaurinsu da tazarar da ke tsakaninsu sun bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan. Sai ka tarar kafinta yana da injin wannan gida da layin wancan gida, kowanne lafiyarsa ƙalau, amma sun ƙi shiga juna.

Abin mamaki, gwani ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Ba ya goge tudun layi, ba ya ƙara faɗin ramin inji. Sai ya ɗauko gutsuren katako mai tauri ya yi mahaɗi. A ƙasansa ya yanka gurbi daidai da tudun layin. A gefensa ya huda ramuka biyu daidai da sandunan injin. Fuska ɗaya ta ɗauki awon wannan, ɗayar ta ɗauki awon wancan.

A gurbin nan aikin yake. In ya yi sako-sako ko da rabin milimita ne, inji zai riƙa rawa, kwarmin ya fito da lanƙwasa. In ya matse da yawa, tafiya za ta cije, bakin ya daɗe wuri ɗaya har ya ƙona katako ya bar baƙin tabo. Don haka kafinta kan goga kaɗan, ya gwada a guntun katakon da ba a so, ya sake gogawa, har mahaɗin ya riƙa sulalewa ba girgiza. Akwai kuma wani abu da ido kan tsallake: layin yana da kauri wajen milimita 5. In rabin gindin inji ya hau kansa, ɗaya rabin na lilo a iska, dole a sa masa matashi ya yi daidai, in ba haka ba yankan zai jirkice.

Allah Ya halicci mutane haka, kowa da awonsa. Mata da miji daga gidaje biyu, abokan ciniki, maƙwabta masu yare daban, sau da yawa ba mai laifi a cikinsu, tashinsu ne ba ɗaya ba. Mai gaggawa yakan ce lallai ɗaya ya sauya halinsa ya koma irin na ɗayan, nan take a ɓata abu mai kyau ba a samu jituwa ba. Abin da ake bukata shi ne na uku: dattijo, ko gwaggo, ko aminin da ya san kowane ɓangare ciki da bai. Ya saurari wannan da kyau, ya saurari wancan da kyau. Kada ya matsa har zuciya ta ƙuna, kada ya sake har magana ta watse. In ya ga ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ya tallafi mai rauni su tsaya kafaɗa da kafaɗa.

Kuma a lura, a cikin ukun nan mahaɗi kaɗai aka yanka, aka huda, aka goge. Duk mai son shirya mutane biyu, sai ya yarda lokacinsa da jin daɗinsa da girman kansa su ne za su ragu, domin sulhu ba ya samuwa sai wani ya ɗauki nauyinsa.