Ziyarar Gidan Tarihi Da Haƙƙin Wanda Aka Raba Da Gidansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya sanya ta mazaunin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanensa suka fitar da shi daga garinsu ya yi haƙuri, da alayensa da sahabbansa Muhajirai da Ansaru baki ɗaya.

Bayan haka, akwai al'adar da ta yaɗu a makarantu ta kwasar ɗalibai a kai su gidajen tarihi na birane, su ma magidanta sukan leƙa idan wata hidima ta kai su birni. A Sakkwato wurin da aka fi zuwa shi ne Gidan Tarihi da Al'adu na Waziri Junaidu, inda aka adana tsofaffin littattafan Larabci da na ajami, da wasiƙun sarakuna, da makaman yaƙi na zamanin da. Mutane sun kasu gida biyu game da wannan ziyara. Waɗansu suna ganin ɓata lokaci ce wadda ba ta da alaƙa da addini, waɗansu kuwa sun ɗauke ta yawon buɗe ido kawai, a yi raha a ɗauki hoto a komo gida. Dukkan ɓangarorin nan biyu sun yi nesa da abin da shari'a ta karantar.

Asalin hukuncin a fili yake. A cikin Suratu Ali Imrana da Suratur Rumi da waɗansu surori, Allah Maɗaukaki Ya umurci bayinSa da su yi tafiya a bayan ƙasa domin su ga yadda ƙarshen al'ummun da suka gabata ya kasance. Saboda haka duban abin da mutanen da suka bari, da nufin wa'aztuwa, aiki ne da ake samun lada a kansa idan niyya ta yi kyau. Abin da aka hana shi ne girmama kayan tsafi, ko neman tubarraki da wani takobi ko wata riga, ko kuwa alfahari da zaluncin kakanni.

Ladabin ziyarar kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya koyar da shi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa a kan hanyarsa ta zuwa Tabuka, a shekara ta 9 bayan Hijira, ya bi ta Hijiru, kufan Samudawa, sai ya hana sahabbai shiga gidajen sai fa suna kuka, ya rufe kansa ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin. Waɗancan mutane ne da aka halaka saboda saɓonsu, hukuncinsu dabam yake da na wanda aka zalunta. Amma darasin da malamai suka ciro ya game ko'ina: ba a shiga wurin da aka yi hasarar rayuka da dariya da shewa, ana shiga ne da tsoron Allah da karyayyar zuciya.

To, wane darasi ne mutumin Tozai, ko na Isa, ko na Sabon Birni, zai samu idan ya tsaya gaban waɗannan takardu da takubba? Zai tarar cewa tarihin ƙasarsa, tun daga farkonsa, tarihin ƙaura ne. Gobirawa daga arewa suka gangaro, daga wajen Azbin, suna zama suna tashi. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, ya kafa Alkalawa a bakin gulbin Rima, Zamfarawa kuwa suka watsu zuwa kudu. Wajen shekarar 1788, a taron Sallah babba a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya yi wa malamai kyauta, amma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, daga cikinsu har da sakin waɗanda ke tsare da sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince, aka zauna lafiya gwargwadon hali.

Da zamani ya juya, a ƙarshen 1803 aka kai wa Gimbana hari, garin Malam Abdussalami, aka kama mutanenta. Wannan ne ya kai ga Shehu da jama'arsa suka bar Ɗagel a watan Zulƙida na shekarar 1218, watau Fabrairu 1804, suka yi hijira zuwa Gudu. A 1806 Shehu ya wallafa littafinsa Bayanu Wujubil Hijira yana bayyana hukuncin abin da ya same su. Ba a daɗe ba, a 1808, Alkalawa ta faɗi, Sarki Yunfa ya rasu a cikin yaƙin, sai ga shi mutanen birnin su ne ke kan hanya da mata da ƙananan yara. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawan da suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, inda Katsinawan da suka bar birninsu suka riga suka zauna. Sabon Birni ma sunansa ya isa shaida, domin waɗansu daga cikin Gobirawan nan ne suka komo kudu tare da Ɗan Halima suka gina shi a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Kufan Alkalawa na nan har yau a ƙasar Sabon Birni ga mai son gani da idonsa.

Sannan Turawa suka zo. Ranar 15 ga Maris 1903 aka gwabza a Giginya, Sakkwato ta shiga hannun Ingilishi, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ɗauki hanyar gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bar gonakinsu suka bi shi. Ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Waɗanda suka saura suka ci gaba tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu kusa da Sannar. A daidai wannan zamani ne Ingila da Faransa suka ja iyaka ta tsakiyar Gobir, Tsibiri ta faɗa wancan ɓangare, Sabon Birni ta faɗa wannan, alhali uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Mai hankali idan ya jera waɗannan shekaru zai ga abu guda. Wanda ya kori wani jiya, jikansa ne aka kora daga baya. Wanda ya gudu jiya, shi ne ya sauki baƙo daga baya. Babu wata ƙabila a ƙasar nan, Bagobiri ko Bazamfare ko Bafillace ko Bakatsine, da kakanninta ba su taɓa ɗaura kaya a ka suna waiwayen hayaƙin garinsu ba. Saboda haka wanda ya fito daga gidan tarihi da ƙarin gaba ga wata ƙabila ya yi hasarar ziyararsa. Suratul Baƙara ta bayyana cewa al'ummar da ta shuɗe tana da abin da ta aikata, na baya ma suna da nasu, kuma ba za a tambayi wani aikin wani ba. Hisabin Yunfa da na waɗanda suka yaƙe shi yana wurin Allah. Abin da za a tambayi mutumin yau shi ne abin da ya faru a gaban idonsa.

Abin da ya faru a gaban idon kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun daga 2019 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan gabashin Sakkwato da kisa da satar shanu da kama mutane domin kuɗin fansa, har da ɗora wa manoma haraji kafin su shiga gonakinsu. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, irin su Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A cikin watan nan ne Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwar cewa mutum fiye da 60,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun ƙetara zuwa Jumhuriyar Nijar a cikin shekara guda. A watan Disamba na 2021 an ƙone matafiya cikin motarsu a kusa da Gidan Bawa. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammadu Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Hanyar da kakanni suka bi zuwa Maraɗi da ƙafa, ita ce jikoki suka sake bi, aka zaunar da waɗansunsu a Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau.

Raba mutum da gidansa ba ƙaramin laifi ba ne a wurin Allah. A cikin Suratul Baƙara an ambaci alkawarin da aka riƙa daga Bani Isra'ila, aka gwama zubar da jini da fitar da mutane daga gidajensu a wuri ɗaya, aka yi wa mai aikata su alkawarin wulakanci a duniya da azaba a lahira. Zafin abin kuwa ko mafificin halitta ya ɗanɗana shi. Tirmizi ya ruwaito cewa ya fuskanci Makka ya bayyana irin son da yake yi mata, da cewa ba don an fitar da shi ba da bai fita ba. Buhari kuma ya kawo yadda zazzaɓi ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal a farkon zamansu a Madina, Bilal yana begen kwarurrukan Makka, har Annabi ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina. Wannan laifi bai tsaya ga mai riƙe da bindiga kaɗai ba. Mai kai masa rahoton maƙwabcinsa, da mai sayar masa da mai da abinci yana sane, da mai sayen shanun sata da araha, duk suna da rabonsu na zunubin, domin an hana taimakekeniya a kan saɓo da ƙetare iyaka.

Sai kuma haƙƙin da ya rataya a wuyan mutanen garin da aka gudo. A shekara ta biyar da aiko Annabi, sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha, Najjashi ya ba su mafaka, ya ƙi miƙa su ga jakadun Ƙuraishawa duk da kyautar da suka kawo masa. A Madina, Suratul Hashri ta yabi Ansaru da cewa suna son wanda ya yi hijira zuwa gare su, suna fifita shi a kan kansu ko da suna cikin buƙata. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahmani ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa kasuwa. A nan akwai darasi biyu: mai masauki ya buɗe hannu, baƙo kuma a ba shi hanyar neman na kansa, domin manomin da ya gudo daga Tozai ba almajiri ba ne, mai gona ne da aka raba da gonarsa. Aron fili, ko jari kaɗan, ko gurbi a makarantar allo da ta boko ga 'ya'yansa, ya fi masa kwanon tuwo na rana ɗaya.

Abin takaici, akan sami wanda ke ninka kuɗin hayar ɗaki da zarar ya ga mai nema ɗan gudun hijira ne, da mai sa marayu aikin wuni a kan ladan da bai kai na abincin rana ba, da mai amfani da yunwar zawarawa domin ya ɓata su, da wanda aka damƙa wa hatsin agaji ya karkatar da shi kasuwa. Waɗannan su ji tsoron Allah. Wanda aka kora daga gidansa ya shiga cikin waɗanda Suratut Tauba ta lissafa a masu cin zakka ta fuska fiye da ɗaya: fakiri ne, kuma matafiyi ne da guzuri ya yanke masa, ko da kuwa ya bar rumbuna cike a garinsu. Ya kamata masu fitar da zakkar hatsi da ta dukiya su fara dubawa nan.

Shugabanni kuwa nasu nauyin ya fi na kowa. A shekara ta 18 bayan Hijira, shekarar da ake kira ta toka, fari ya koro mutanen ƙauye zuwa Madina. Sayyidina Umar ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya tsaya da kansa a kan rabo, ya haramta wa kansa man shanu har jama'a su wadata, kuma da ruwa ya sauka ya taimaka musu suka koma garuruwansu. Ciyar da wanda ya gudo wajibi ne, amma cikar adalci ita ce a tsare masa hanya da gona har ya koma gida ya kwana da ido biyu rufe.

Daga ƙarshe, da malaman da ba su rubuta abin da ya auku ba, da yau babu abin da za a tarar a gidan tarihi. Ya dace limamai da malaman makarantu na Isa da Sabon Birni su rubuta sunayen ƙauyukan da aka tasa, da shekarar tashinsu, da iyakokin gonaki, da inda mutanensu suka nufa. Wannan shaida ce da za ta tsare gādon marayu ranar da aka koma, kuma ɓoye shaida zunubi ne. Wanda ya ziyarci gidan tarihi, to, ya cika ziyararsa da leƙa makarantar firamare ko kangon da baƙin garinsu suke kwana, da ɗan abin da Allah Ya hore masa a hannu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare, Ya mayar da kowane mai gudun hijira gidansa cikin aminci, Ya shiryi azzalumai ko Ya yi wa bayinSa maganinsu. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.